Matar da ke Cikin Gilashi

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ni ce Binta, daga Landan. Kwana tara ke nan na kasa zama wuri ɗaya, kuma ke nake son faɗa wa dalili.

Kin sha ba mu labarin kakarki, Iya Dije, wadda wani Bature ya tsayar a bakin rijiya a Zariya, ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya ce kada ta motsa. "Ya tafi da fuskarta, bai dawo da ita ba," haka kike cewa.

Mista Colin, dattijon da ke flat ɗin ƙasa da nawa a Stratford, zai koma gidan 'yarsa, sai na je taya shi haɗa kaya. Ya buɗe wani akwatin katako na kakansa, wanda ya yi aikin jirgin ƙasa a Arewa. Gilasai ne jere a ciki, kowanne kamar tafin hannu biyu. Ya ce a zamanin, a kan gilashi ake ɗaukar hoto.

Na ɗaga ɗaya a jikin taga. Komai a juye yake, fuska fara, sama baƙa. Mace ce a bakin rijiya da guga a hannu. Umma, tsayuwarki ce sak, har yadda kike karkata kafaɗar hagu.

Na kai an wanke hoton a takarda, na tura wa yayarki Inna Asabe, don ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san Iya Dije. Ashe idonta ya tafi. Ta ce a duba mata ko akwai wushirya irin ta Iya Dije. Bakin matar kuwa a rufe yake ruf.

Tun ranar sau biyu ina wuce tashata a tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Mista Colin ya bar mini gilashin. In Iya Dije ce, kin rasu ba ki gani ba. In ba ita ba ce, kakar wasu nake riƙe da ita, suna can ba su sani ba.

Inna Asabe ta ce in kawo mata ko shafawa ta yi. Na yi booking ɗin jirgi, jibi zan tashi. Na naɗe gilashin a cikin shuɗin zanenki, a cinyata zai zauna har mu sauka.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ummana, Ya haɗa ki da Iya Dije a Aljanna, ki gan ta ido da ido.

'Yarki mai kewarki,
Binta