Kayan Motar Maigidana Suna Ƙarƙashin Gadon 'Yata

Zuwa ga Gwaggo Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada wasiƙar nan ta daɗe a teburinki, domin ƙarshen watan nan maigidana zai kai surukinsa gaban alƙali a kan satar da bai yi ba, kuma ni na ƙulla abin tun daga farko. Ki yi haƙuri da rubutun, bokon nawa na yaƙi da jahilci ne, maganar kuma ba wadda zan ba wani ya rubuta mini ba ce. Sunayen da zan ambata duk na aro ne.

Maigidana direba ne sama da shekara talatin. Yana da wata farar a-kori-kura, Fijo 404, wadda ya saya sabuwa shekarar da na haifi 'yarmu Larai. Da ita yake ɗauko gero da gyaɗa daga Miga, kuma lokacin da aka ba mu jiha, ma'aikata suna tasowa daga Kano, gadaje da kujerun gidaje da yawa a bayanta suka shigo Dutse. Motar ba ta rago ba ce. Sitiyarinta nauyi gare shi, in za a juya ta a tsaye sai an sa hannu biyu an haɗa da ƙirji, birkinta kuwa sai an taka sau biyu ko uku kafin ya kama. Shi kaɗai ya san halinta, kuma ya fi alfahari da wannan fiye da komai da ya mallaka, har da ni.

Daminar bara waccan hawan jini ya kayar da shi, ɓarinsa na dama ya shanye. Allah ya sa bakinsa ya dawo, ƙafar ta dawo rabi, hannun yana riƙe cokali amma ba ya iya matse tsumma. Da ya tambayi likita yaushe zai koma tuƙi, likitan ya lissafa masa abu uku: hannunsa ba zai iya juya sitiyari ba, ƙafarsa ba za ta iya danne birki ba, zafin cikin mota kuma zai sake tayar masa da jinin. Ni da aka faɗa mini, na ɗauka magana ta ƙare. Gogan nawa kuwa ya ɗauke ta jerin aikin gareji. Ya yi ta bin direbobi a tasha yana tambaya, har aka gaya masa akwai sitiyari mai aiki da mai, wanda suke ce wa fawa, da yatsa ɗaya ake juya shi, akwai wata tukunya da ake haɗa wa birki ya kama da an taɓa shi, akwai kuma esi mai sanyaya cikin mota. Ya sayar da shanun huɗarsa, ya tafi Kano, ya dawo da buhu uku na kayan mota 'yan Beljiyam, waɗanda aka cire daga tsofaffin motocin Turai. Ranar ya cinye malmala biyu ta tuwo, abin da bai yi ba tun da ya kwanta.

Ya kai motar da kayan wurin Sani, mijin Larai, wanda ke da gareji a Limawa.

Gwaggo, akwai abu na huɗu, wanda likita bai sani ba, shi ma maigidan bai sani ba. Yakan ɗauke. Idonsa a buɗe, yana zaune daram, amma ba ya nan. Na fara gani wata rana yana alwala, ya karkata buta ya tsaya, ruwan yana zuba a ƙasa har ya ƙare, sannan ya farga yana faɗan wane ne ya ba shi buta ba ruwa. Tun daga nan na ƙirga sau goma sha ɗaya. Ba ya daɗewa, bai fi a karanta Fatiha ba, kuma ba ya tuna komai. Na gaya masa sau ɗaya, ya ce dama so nake ya zauna a gida ina ba shi koko kamar jinjiri, ya yi kwana uku ba ya cin abincina. Asibiti kuwa shi kaɗai yake shiga wurin likita, ni a benci nake jira.

Sai na yi dabarar da nake ganin ita ce wayo. Kin san tsakanin suruka da suruki, ni da Sani ba mu taɓa zama mun yi doguwar magana ba, in mun haɗu ya durƙusa ya sunkuyar da kai, in amsa in wuce. Don haka Larai na aika, ta gaya masa abin da nake gani, ta roƙe shi a madadina ya ja aikin, ya yi ta ja, ko Allah zai sa Malam, maigidan nawa, ya gaji ya haƙura. Bawan Allah bai yi musu ba. Yau ya ce ƙarfen da zai riƙe famfon sitiyarin bai zauna ba sai an kai Kano an gyara, gobe ya ce bel ɗin ya yi gajere, jibi ya ce ba a samu iskar esi ba. Da ya ga Malam yana maganar kawo wani makanike ya taya shi, sai ya kwashe buhunan ya kai gida, suna ƙarƙashin gadon Larai yanzu haka. Wata takwas ke nan motar tana kan duwatsu.

Malam bai gaji ba. Kullum da hantsi zai ɗauki sandarsa ya taka har Limawa, ya goge gilashin motar da hannun hagu, ya zauna a benci kusa da ita har azahar. Makon jiya ya ce a fito masa da kayansa ya gani. Babu. Nan take, a gaban masu kawo gyara, ya ce Sani ya sayar masa da kaya, ya kira shi ɓarawo, ya ba shi wa'adin ƙarshen wata. Kin san nauyin kalmar nan tun da aka fara shari'ar Musulunci. Har a wurin ɗibar ruwa ana cewa hannu za a yanke, kuma mutum biyu sun riga sun janye motocinsu daga garejin. Ranar Sani bai ko ɗaga kai ba. Larai ta zo mini tana kuka, wai ya ce gara a kira shi kowane suna da ya tona asirin surukarsa.

To ina zan sa kaina? In Sani ya fito da buhunan, ya wanku, amma ba shi da sauran uzuri, mako biyu an gama aikin, Malam ya hau titi, kuma hanyarsa ta tsakiyar kasuwar Shuwarin take bi. In bai fito da su ba, ya zama ɓarawo, 'yata ta zama matar ɓarawo. In ni na yi magana, na san mijina, motar nan ita ke tashinsa daga kan tabarma kowace safiya, ranar da ya tabbata ba zai sake tuƙa ta ba zai kwanta, kuma ban ga abin da zai tashe shi ba. Wani lokaci har nakan ce a bar shi ya hau, abin da Allah ya rubuta ya faru, sai in tuna ba shi kaɗai ne a kan hanyar ba. Na yi addu'a, na yi sadaka, ban ga ƙofa ba, kuma na gaji ƙwarai.

Taki,
Matar Direba, Dutse

AMSAR GWAGGO RABI'ATU

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata.

Ba zan yaudare ki ba, babu hanyar da za ki bi kowa ya fita ba rauni. Amma akwai wadda ta fi sauran, kuma ina jin kin san ta, tsoronta kike yi.

Tsoronki yana kan gaskiya. Na kai maganar wurin wani tsohon makanike da na amince da shi, ba tare da suna ba. Ya ce aikin yana yiwuwa, kodayake injin tsohuwar mota zai ji jiki in an ɗora masa famfo da esi tare. Amma ya ce nauyin sitiyarin nan shi ya tsare maigidanki har yau. Sitiyari mai sauƙi, da hannu ya ɗan zame mota ta bar hanya. Birki komai kyansa sai an taka shi. Esi kuma sai an rufe gilashi, ko ana yi masa ihu daga waje ba lallai ya ji ba. Duk gyaran nan na hannu ne da ƙafa, ba ya maganin mutumin da ya ɗauke.

Shi ma Malam kada a ɗora masa laifin da ba nasa ba. An gaya masa matsala uku, ya nemo maganin uku, kamar yadda duk mai zuciya zai yi. Ta huɗun ba ya ganin ta, kuma mutum ɗaya ce ta faɗa masa, sau ɗaya. Wata takwas yana taka sanda zuwa wurin aikin da ku uku kuka san ba za a yi ba. Da niyya mai kyau kika yi, amma ƙarya ce, kuma kin ɗora ta a kan wanda kunya ta ɗaure wa baki. Batun yanke hannu surutun gari ne, abin da aka ba mutum amana hukuncinsa daban, kuma kayan ma suna nan. Sai dai sunan makanike shi ne jarinsa, kuma na Sani yana zubewa kowace rana da kika yi shiru.

Don haka kada ki jira ƙarshen wata. Ki fara da likita. Ki shiga ɗakin ko Malam bai so ba, ko ki je ke kaɗai, ki faɗi abin da kika gani da sau nawa. Irin wannan ɗaukewar wani lokaci tana jin magani, wani lokaci ba ta ji, kuma kada ki yi wa Malam alkawarin komai a kanta. Sannan ki nemo mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin unguwarku, a kawo buhunan nan uku a ajiye a gabansa, ki faɗa da bakinki cewa ke kika sa. Kada ki aiki Larai, aiken ya isa haka. Bayan nan dattijon ya raka shi garejin, a wanke Sani a inda aka ɓata shi.

Motar kuwa a gyara mata birki ko don wanda zai tuƙa ta nan gaba. In Malam zai yarda a sa direba, shi ya zauna a gefe a matsayin mai mota, to madalla. Ba na jin zai yarda da wuri, mai yiwuwa ma ba zai yarda ba har abada. Zai yi fushi da ke, fushi mai tsawo, kuma abin da kike tsoro na kwanciyarsa yana iya faruwa. Ba ni da maganin wannan. Abin da na sani shi ne, gara ya ji daga bakin matarsa a cikin ɗakinsa da ya ji a gaban alƙali, jama'a suna kallo.

Ranar da za ki faɗa masa, kada ki tsaya daga bakin ƙofa. Ki zauna dab da shi ta ɓangaren hannunsa mai lafiya, yadda in ya so ture ki zai iya, in kuma ya so riƙe ki zai iya. Allah ya ba shi lafiya, ya saka wa surukinki da alheri, ke kuma ya ba ki ƙarfin zuciyar buɗe baki.

Gwaggo Rabi'atu