Garin da Ba Wanda Ya Taɓa Takawa

Baba,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba za ta kai hannunka ba, amma wa zan gaya wa in ba kai ba? Inna tana lafiya, sai ƙafar nan tata da ke tashi in hadari ya haɗo. Kekenka yana zaure, ta hana kowa taɓawa.

Ajinka na labarin ƙasa ni aka danƙa wa, na wucin gadi. Shugabar makaranta ta ce sai an ga tambayoyin jarrabawata za a san ko a bar min ajin ko a nemo wani. Mai tantancewar kuwa abokinka ne, Malam Yohanna, wanda ka san ba sani ba sabo.

Na zana taswirar Tudun Wada, har da Gyallesu da Tudun Jukun, na ƙawata ta da launi. Ina ta jin kaina, wai na kawo wa yara abin da suka sani. Malam Yohanna ya ɗora tafin hannunsa ya rufe taswirar ruf, ya ce in karanta tambayoyina in amsa. Baba, duk na amsa. Wane ɗan Tudun Wada ne zai nemi taswira kafin ya faɗi hanyar kasuwa? Ai ƙafarsa ta riga idonsa sani. Ya kuma tuna min cewa injin fotokwafi zai mayar da korena da shuɗina duk toka-toka. Kunya kamar in nutse.

Shi ya gaya min kai garin ƙarya kake zanawa, wanda ba wanda ya taɓa takawa, don dole yaro ya nemi amsa a jikin taswira. Ashe abin da kake yi ke nan a kan tabarma, ina tsokanarka wai malamin labarin ƙasa ya rasa garin gaskiya? Murmushi kawai kake yi. Me ya sa ba ka gaya min ba? Ko jira kake in tambaya? Ni ma ban taɓa gaya maka cewa zaman nan naka ne ya sa na zaɓi koyarwa ba. Na ɗauka akwai sauran lokaci.

Na koma na ƙirƙiri nawa garin, da rafi da gada da layin dogo. Maimakon launi na sa ɗigo-ɗigo da zane-zane. Kibiyar arewa na karkatar da ita gefe, don mai cewa arewa kullum sama take ya sha mamaki. Tambayar da na fi so ita ce ta manomin da zai kai tumatir tasha ya tarar gada ta karye: ta ina zai bi, kuma nisan nawa ne bisa ma'aunin taswirar?

Malam Yohanna ya karanta har ƙarshe bai soke ko ɗaya ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. An bar min ajin, Baba.

Kowa yana taya ni murna, ni kuwa na dawo gida na yi ta kuka. Wallahi da a ce kai ne ka karɓi takardar ka soke ta daga sama har ƙasa, ka ce in je in sake, da ya fi min wannan nasarar daɗi.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu a Aljanna.

Taka har kullum,
'yarka da ke tsaye a gaban allonka