Hoton Rahila na Ƙarshe

Zuru, Talata, 16 ga Agusta, 2005

Kwana uku ana ruwa, sanyi har cikin ƙashi. Tsutsar da matata Rahila ta ɗauko daga bishiyar lemo ta sa a kwalba kafin ta rasu, yau ta zama malam-buɗe-littafi, baƙi mai ɗigon rawaya. Sanyi ya hana shi tashi, ya lafe a yatsana.

Ita ke ɗaukarsu hoto kullum. Na ɗauko kyamararta, na danna, ta ƙi. Don wauta sai na buɗe bayanta in ga ko akwai fim. Akwai kuwa.

Cikin ruwa na ruga shagon Emeka mai hoto. Da ya wanke, fim ɗin ya fito baƙi ƙirin.

"Baba, me ya sa ka buɗe? Haske ya cinye duka."

A ciki akwai hoton da na ɗauke ta bayan coci, tana yi mini dariya don na riƙe kyamarar a juye.

Ko da na dawo, shi ma ya tashi. Na wanke kwalbar na kife.

Rahila, sati uku dariyarki na nan tana jirana. Da hannuna na shafe ta.