Na ba shi taga, ya toshe min tawa

Assalamu alaikum warahmatullah, jama'ar wannan zaure. Admin, Allah ya saka da alheri, a sakaya sunana. Da ajami na rubuta wannan, 'yata ce ta juya muku shi zuwa boko, in kun ga kuskure ku yi mana uzuri. Don Allah ku ba ni shawara.

Abin ya faru ne a shekarar da aka cire tallafin man fetur, lokacin da janareto ya gagari mutane kowa ya koma zancen sola. Amma sai na ɗan koma baya kafin ku gane.

Ni mutumin cikin birni ne, wajen Sheshe, a gidan da aka haife ni na tsufa. Sana'ata rubutun Alƙur'ani da hannu, a soron gidanmu nake yi, inda mahaifina ya yi nasa. Soron yana da wata 'yar taga can sama ta gabas, ba ta fi faɗin allo ba, amma magina na dā sun san abin da suka yi, don da hantsi ya ɗaga haske yake saukowa har kan buzuna, ya yi ta bin bango a hankali har kusan azahar. Ban taɓa kunna fitila da rana a soron nan ba. An kawo wuta, an ɗauke wuta, bil ya tashi, duk a majalisa nake jin labari.

Ta gabas ɗin nan katangarmu ɗaya da aminina, bari in kira shi Alhaji Bala. Tare muka yi makarantar allo, tare muka sha bulala. Shekarun baya mahaifiyarsa, Inna, ta kwanta jinya a wani ɗaki mai duhu, wanda babu inda za a fasa masa taga sai ta tsakar gidana. Ku da kuka san birni kun san ba a buɗe taga tana kallon tsakar gidan wani, saboda iyali. Ya zo yana ta kame-kame, na ce Alhaji je ka fasa. Mai ɗakina ta ɗauke murhunta da igiyar shanya ta koma wani lungu, ta yi mita ta gaji ta haƙura. Inna ta yi sauran kwananta tana ganin rana. Ranar da muka dawo daga maƙabarta ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, bashin hasken nan yana wuyana har in mutu." Na ce haba, ai babu bashi tsakanin maƙwabta.

To a waccan shekarar ta tsadar mai, babban ɗansa, wanda muke kira Injiniya, ya shiga harkar sola da irin fitilun nan masu kunna kansu su kashe kansu. Alhaji ya ce min za su ɗora bene a kan shagonsu na gaba, a jera faifan sola a sama. Na ce Allah ya sa albarka, sai dai a tuna da tagata. Ya yi dariya ya ce, "Ni zan toshe maka rana? Ai sai Inna ta biyo ni a mafarki da muciya." Ya ce za a ja ginin baya. Ban nemi shaida ba, wa yake neman shaida a kan amininsa?

Ana haka likita ya ce sai an cire min yanar ido, duka biyun, ɗaya bayan ɗaya. Na koma gidan 'yata a wajen gari na yi jinya. Alhaji ya zo duba ni ba sau ɗaya ba, da dabino da lemo, yana tsokanata wai yanzu zan ga tsufan mai ɗakina sosai, in yi haƙuri da abin da zan gani. Bai ce min komai a kan gini ba.

Bayan magariba aka dawo da ni gida, ban lura da komai ba. Da safe na shiga soro na zauna a kan buzu ina jiran haske, hantsi ya yi, shiru. Na zaci idon ne ya koma, har na fara innalillahi. Na leƙa tsakar gida na ga komai tar. Na dawo na ɗaga kai, sai ga bulo a bakin tagata, ko tafin hannu ba zai shiga tsakani ba. Da na tambayi iyalina me ya hana su faɗa min, suka ce ai Alhaji ya ce da yardata aka yi, wai mun gama magana a asibiti. Wallahi wannan ta fi ginin yi min ciwo.

Kafin in je wajensa Injiniya ya zo da tsani da waya, yana sunkuyar da kai. Ya ce babansa ya ce a saka min fitila kyauta daga solarsu. Ya yi min bayani, wai tana da sensa, in mutum ya shigo ta kunna, in ta ga babu motsi ta mutu don kada batir ya ƙare a banza. Abin kirki ne, ban ƙi ba, na ga amfaninsa a lungunmu. Amma mai rubutu ba ya motsi, yatsu uku ne kawai suke aiki. Ina tsakiyar harafi sai ɗif. Sai na ɗaga hannu na kaɗa, kamar mai tare ɗan sahu, sannan ta dawo. Rannan na kaɗa da alƙalami a hannu, tawada ta ɗiga a kan ayar da na gama yi wa wasali, warƙa guda, wato takardar gaba ɗaya, ta tashi a banza. Mai ɗakina har cewa take, "Malam, yau kun gaisa da fitilar taka kuwa?" Injiniya ya ƙara mata lokaci, ta ɗan yi dama, amma rawayar tawadar hamza ba ta fitowa a farin kwan nan yadda take fitowa a rana. Ga shi in hadari ya kwana biyu batir ya yi ƙasa, na'urarsu da kanta layin sorona take fara yankewa. Hasken da Allah yake aiko min kyauta, yanzu sai ya biyo ta gidan wani.

Duk da haka na yi shiru, sai da na ji Alhaji yana faɗa a majalisa wai ya fitar da Malam daga duhun zamanin dā. Na same shi mu biyu, na ce ka yi min alkawari, ka kuma ce na yarda alhali ban yarda ba. Ya ce da an ja ginin baya da faifan ba za su shiga ba, ya ce duniya ta ci gaba, ya ce an yi min gata ina butulci. Na ce Alhaji, ka tuna tagar Inna. Iyakar abin da na ce ke nan. Ya kalle ni ya shige gida.

Yanzu ga inda nake. 'Ya'yana maza sun ce a kai wa mai unguwa, in ta kama a je kotu a rushe abin da ya tare tagar, kuma na san in aka yi haka ni da Alhaji sai a lahira. Injiniya kuma ya zo a ɓoye, ya ce zai fasa rufin sorona ya saka gilashi rana ta riƙa shigowa ta sama, ba sai babansa ya sani ba. Amma rufin azara ne na ƙasa, mahaifina ne ya ɗora shi, ina tsoron damina, kuma ba na son in haɗa ɗa da ubansa. Ga Alƙur'anin da nake kai, saura izu kaɗan, ina jin shi ne na ƙarshe da idona zai ba ni.

Shekaranjiya ina alwala a tsakar gida na ji ƙarar cebur. Na ɗaga kai na ga magini ta ciki yana jera bulo a tagar Inna, har ya shafe ta da siminti. Da yamma Alhaji ya aiko a gaya min wai ga shi ya mayar min da haskena, ba na binsa ba ya bina. Mai ɗakina ta ce to sai ta mayar da murhunta inda yake tun asali, na ce ta ɗan dakata.

Bashi kam ya biya, ban musa ba. Yau da azahar sahu ɗaya muka tsaya, kafaɗarsa tana gugar tawa, da aka sallame kowa ya nemi takalminsa.

Jama'a, don girman Allah, in kai ƙara ne, in bari a fasa rufin mahaifina, ko in ci gaba da ɗaga wa fitila hannu har in kai Nasi? Kuma ranar Juma'a, da muka saba tafiya masallaci tare tun muna samari, in tsaya a ƙofarsa in yi sallama, ko in wuce?