Takardar Sallama a Cikin Laya

Yaya Umaru,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Kumasi? Mu nan Shagari lafiya lau.

Tun da anka sallame mu daga aikin hanya nike zarya Bodinga neman kuɗin sallama, kullum akawu shi ce sai wani mako. Gudun kada takardata ta sallama ta ɓace, na sa baduku ya ɗinke ta cikin fata kamar laya, na ɗaura a damtse. Ran da anka kira ni karɓar kuɗin, anka farke layar, ashe zufa ta cinye rubutun. Leburori sunka tuntsire da dariya, na rasa inda zan sa kaina.

Na dawo gida ba ko kwabo, na sa an maida ɗinkin, ban faɗa ma Inna ba. Inna kullum sai ta shafa layar, wai abincinmu na bana na ciki.

Ka sa ni addu'a, ka gaida mutan gida. In za ka amsa, kada ka ambaci layar. Gaban Inna ake karantawa.

Ƙanenka,
Bello