Jatau Bai Iso Yamai Ba

Zuwa ga yayana Ila, a Falanko. Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da ciwon ƙafarta? Yaya mai ɗakina Zalika? Gero ya yi kuwa bana?

Mun iso Yamai da kayan Nasara bayan kwana arba'in da biyar. Lafiya lau nake. In an ce maka na rame, ba ciwo ba ne.

Takarkarinmu Jatau bai iso ba. Mun wuce Dogon Dutsi ke nan ya durƙusa, bayansa duk gyambo. Gardi, dogarin Nasara da ke raka mu, ya ce a yanka kafin ya zama mushe. Mutum uku suka nufe shi, ya kore su da ƙaho. Sai aka miƙo mini wuƙa. Yaya, da ya ji muryata ya kwantar da kai, ya miƙo wuya, yadda yake yi in zan sauke masa kaya.

Tun ranar nama bai wuce maƙogwarona ba. Abokan tafiya suna tambayata ko na fi Allah tausayi ne, shi da ya halatta. Malamin da yake rubuta mini wannan ma ya faɗa. Ban musa ba, na dai gaji da bayani. Tuwo da miyar kuka sun ishe ni.

Ka aiko mini da bargona in an sami mai zuwa. Maraƙin nan kuma da Zalika take bai wa dusa a hannu, ka ce ta daina. Kada ya saba da muryar kowa.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka, Dodo