Kwalbar da ke Bayan Taga

Tambuwal, 4 ga Satumba, 1961

Zuwa ga Yaya Maccido,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da iyali da almajiran gida. Bayan haka, Baba Na'iya ya iso da saƙon da na roƙa: 'yan karfasa tara a cikin tulu, da ciyawar ƙarƙashin ruwa da ya tsamo daga tafki. Ɗaya kawai ya mutu a hanya.

Yaya, da ka ga akwatin gilashin nan da ka daina yi mini dariya. Na shimfiɗa yashi a ƙasa, na dasa ciyawar, na saki kifayen. A sama na rataye gwangwani mai huda, na jera tsakuwa da gawayi da auduga a ciki. Baba Na'iya yana kwasar ruwan akwatin ya zuba a gwangwanin, ya tsiyayo fes. Mutumin da ya yi shekara talatin yana su, ga shi ya zama mai yi wa kifi wanka, shi kansa abin yana ba shi dariya.

Sai dai ciyawar ta fara yin rawaya. A kwaleji an koya mana cewa tsiro yana cin iskar nan da muke fitarwa in mun yi numfashi. Sai na sami kwalba, na zuba ruwa da sukari da yis ɗin mai burodi, na toshe bakin, na ja siririn tiyo ta taga zuwa cikin akwatin. Yanzu kumfa na fita ɗaya bayan ɗaya, ciyawa ta yi kore shar. Kwalbar tana ɗakin ajiya, inda Baba yake shimfiɗa tabarmarsa. Ranar bikin cika shekara da samun mulkin kai iyayen ɗalibai za su zo makaranta kallo. Na gode da ka nema wa Baba aikin gadin nan, ya zame mini hannun dama.

Ƙaninka, Lauwali

Kebbe, 6 ga Oktoba

Zuwa ga Lauwali,

Bayan sallama irin ta Musulunci. Mu duka lafiya lau, an fara yankan gero.

Na'iya ya dawo shekaranjiya da tabarmarshi a kai, a ƙasa tun daga Tambuwal. Na tambaye shi dalili, ya ce aiki ya ƙare. Amma masu zuwa kasuwarku sun riga shi isowa da labari, wai an kama shi da giya a makaranta. Lauwali, mutumin ga ya goye ka a bayanshi lokacin da mahaifinmu Malam yake raye. Ko taba ban taɓa gani a bakinshi ba. Kana wurin. Ka rubuto mini abin da ya faru.

Wassalam, Maccido

Tambuwal, 11 ga Oktoba

Yaya,

Na sami takardarka. Abin bai yi daɗi ba. Ranar da Hedimasta Ɗangiwa ya zaga da iyaye don duba shiri, wani ya ji wari a ɗakin ajiya, aka ga wata kwalba. Hedimasta ya yanke hukunci nan take, ka san halinsa, kuma ni ƙaramin malami ne. In ƙura ta lafa zan yi masa magana.

Biki ya yi kyau. Mutane sun yi cincirindo a gaban akwatin har sai da na sa layi. A gaishe mini da Baba.

Lauwali

Kebbe, 19 ga Oktoba

Lauwali,

Salamu alaikum. Takardarka gajera ce, kuma ban ga amsata a ciki ba.

Ka san kafin Na'iya ya tafi wurinku shi ke kiran salla a masallacin unguwarmu. Ranar Litinin da azahar ya miƙe zai kira, ya kai hannu kunne ke nan, sai Gidaɗo, dattijon nan na unguwarmu, ya riƙe mashi riga ya ce, "Zamna, Na'iya, bari wani shi yi." A gaban yara. Ya zauna. Tun ranar a sahun baya yake salla, yana idarwa ya ɗauki takalmi. Ni da nake limanci ba ni da abin da zan kare shi da shi.

Jiya na same shi yana gyaran komarshi ta kamun kifi. Da ya ji zan rubuto maka sai ya ce, "Ka ce ma Lauwali shi riƙa fidda tiyon nan kullum da marece. In ya kwana ciki, da safe kifayen duk suna bisa suna haki. Ni nika fidda shi, ban gaya mai ba don kar shi ga kamar ina gyara mai karatu."

Na ce wane tiyo. Ya ci gaba da ɗinkin komarshi. Na dawo gida na ɗauko takardarka ta farko na sake karantawa. Kwalba nawa ke cikin ɗakin ajiyar nan, Lauwali?

Maccido

Tambuwal, 25 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Maccido,

Ina gaishe ka, in har za ka amsa. Wannan ita ce takarda ta huɗu da na fara, sauran na yaga.

Kwalba ɗaya ce. Tawa ce. Ni na auna sukarin da hannuna.

Tun sati na biyu na gane abin da ruwan yake zama. Na buɗe don in sake haɗi, warin ya buge ni. Na ce wa kaina ai ba sha ake yi ba, iskar kawai nake so. Na riƙa zubarwa a bayan katanga in babu kowa. Ban gaya maka ba don na san abin da za ka ce, kuma ina son ciyawata ta kai ranar biki.

Ranar da Hedimasta ya zaga da iyaye na cire tiyon na wanke na shanya, don haka kwalbar tana tsaye ita kaɗai a gefen tabarmar Baba. Wani dattijo ya shinshina, ya yi salati, ya ce, "Ga abin da muka faɗi tun farko, wanga shi na boko." Hedimasta ya ɗaga ta sama ya ce ta wane ce. Yaya, ina tsaye, tsakanina da shi bai fi taku uku ba. Na ga iyayen da na sha wuya kafin su ba ni 'ya'yansu. Na ji yadda za a ce ɗan Liman na Kebbe ne ya dafa giya a makaranta. Na sunkuyar da kai. Baba ya dube ni sau ɗaya, ya ga ban ɗago ba, sai ya sunkuya ya naɗe tabarmarsa. Ko musu bai yi ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne washegari na haɗa wata kwalbar na ɓoye a ɗakina na kawo, don kada ciyawa ta lalace kafin biki. Aka yaba mini, na yi murmushi, na karɓi hannu.

Saƙon Baba ya zo a makare. Kifayen sun riƙa mutuwa ɗaya ɗaya ban san dalili ba, ina ta canza gawayi da auduga ina zargin gwangwanin tace ruwa. Saura biyu. Yara sun tambaye ni me ya kashe su, na ce ban sani ba, a lokacin kuwa gaskiya na faɗa.

Ba na iya cin abinci sosai. In na ji kiran salla sai in tuna Baba a sahun baya. Ka roƙa mini gafararsa, ni ba ni da idon da zan kalle shi.

Ƙaninka, Lauwali

Kebbe, 30 ga Oktoba

Lauwali,

Na karanta mashi takardarka tun daga farko har ƙarshe. Ya ce ya yafe tun a hanya. Ya roƙe ni in ƙona ta, wai kai yaro ne mai aikin gwamnati, shi kuwa ya tsufa, sahun baya ma salla ce.

Ban ƙona ba. Yafewarshi ba ta sa Gidaɗo ya saki rigarshi ba, kuma ni ba manzonka ba ne. Ka fara da Hedimasta. Sannan ranar Juma'a, in an idar, zan ce jama'a su dakata, ƙanena yana da magana. Ka zo da kwalbar da tiyon, ka nuna masu da hannunka.

In na waiga ban gan ka ba, takardarka tana aljihuna, da sunanka a ƙasa.

Wassalam, Maccido